Tarwadar Ranar Suna

Matameye, 5 ga Afirilu

Zuwa ga maigidana, Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da duk ƴan garinmu da kuke tare a Fatakwal. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ƙafar ta yi sauƙi. Hanifa ta koma lakwal, makarantar boko, bayan hutun Salla, kullum sai ta tambayi yaushe za ka zo.

Tun da salularka ta faɗa ruwa na rasa yadda zan yi magana da kai a sake. In ka kira da ta abokin aikinka, ina jin mutane kewaye da kai, sai bakina ya mutu. Shi ya sa na ga gara takarda. Isufu direba ya ce duk zuwansa kudu da albasa zai riƙa kai maka.

Labarin kifi nake so in ba ka. Ka tuna da ka tafi ƴan tarwadar nan ba su wuce yatsa ba, kuma duk safiya sai mun tsamo matattu. Bayan tafiyarka Madam Zuhra, wadda sarbis, wato ofishin gandun daji, ya turo mana daga Damagaram, ta zo garka ta kawo wata hoda. Ta ce sunanta forobiyotik. Wai ƙwayoyin halitta ne masu rai, ƴan'uwan waɗanda ke mayar da madara kindirmo. In kifi ya ci, sai su zauna a hanjinsa su taimaka masa narka abinci, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Ta ce kada in ɗauka sihiri ne, in ruwa ya ƙazantu ko abinci ya yi ƙaranci babu abin da za ta yi mini. Ina dama ta a ruwan rijiya da ɗan ruwan mazarƙwailar da nake sayowa wurin masu rake na Dungu, in yayyafa a kan abincin, in shanya a inuwa, don rana tana kashe su.

Madam ta ce in gwada a basan biyu na gabas, kwamin simintin da muke kiwon kifin a ciki, in bar biyu na yamma yadda suke, don mu gani da idonmu. Baban Hanifa, da ka ga bambancin da ka yi dariya. Na gabas sun yi kauri kamar damtsena, in na watsa abinci har tsalle suke suna fantsama mini ruwa a zane. Mutuwa ta ragu ƙwarai, warin ruwan ma ya ragu. Na yamma suna nan, suna girma, amma a hankali.

Abu ɗaya ne ke damuna. Yaya Shekara bai so zancen hodar nan ba. Ranar da Madam ke bayani yana tsaye, kunnensa bai kama komai ba sai kalmar ƙwayoyi. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an ciyar da dabba da ƙwayoyin cuta ba. Na ce masa ba na cuta ba ne. Ya ce garkar ta gadonku ce ku biyu, ba ya so a yi abin da zai jawo wa gidan magana. Ban ja da shi ba, tun da yayanka ne.

Ga kuma albishir. Ƙawata Sakina, surukar Alhaji Yunus, ta haihu, namiji. Alhaji da kansa ya aiko cewa kifinmu yake so a soya ranar suna. Wannan shi ne cinikinmu na fari, ka taya ni addu'a.

Ka gaida su Mustafa, ƴan garinmu da ke can. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka,
Najaha

Matameye, 12 ga Afirilu

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu a gida jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Ka zauna kafin ka ƙarasa karatu.

An yi suna ranar Laraba. Na kai kifin da sassafe, da ransa, daga basan na gabas. Matan gidan suka yanka, suka soya, aka ci aka yaba. Har wata baƙuwa daga Kance ta tambayi inda garkarmu take. Na dawo gida kamar in tashi sama.

Washegari da hantsi aka fara kai mutane likita. Amai da zawo. Yara ne suka fi yawa, sai mata. Kafin la'asar an cika gadaje, wasu a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi ana ƙara musu ruwa. Sakina ce ta fi kowa jigata, ga jikin jego. Na ruga in gan ta, na iske idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe, ba ta ko gane ni ba. Ina tsaye bakin gadon wata gwaggonta ta dube ni ta ce, "Ke ce mai kifin ƙwayoyi? Fita." Na fita. Ban san yadda ƙafata ta kawo ni gida ba.

Ashe zancen ya riga ni. Abin da Yaya Shekara ke faɗa a majalisarsu ta bakin tasha tun watannin baya, shi mutane suka tono. Wai shi da bakinsa ya ce matar ƙanensa tana zuba wa kifi ƙwayoyin cuta don su kumbura. Ban ce ya faɗa da mugun nufi ba, amma ya faɗa, kuma an ji.

Ranar Juma'a bayan masallaci mutane suka nufo garka. Ina cikin canza ruwa na ji hayaniya. Maza ne, da yawa, wasu na san su tun ina yarinya. Wani wanda ƴarsa ke kwance ya ɗauki bulo ya ce yau sai ya fasa basan. Na tsaya a gabansa riƙe da tiyo, na ce ni da Inna da Hanifa mun ci kifin nan kafin kowa, ga mu tsaye. Ba wanda ya saurare ni. Allah ya kawo mai-unguwa da Madam Zuhra a kan moto. Madam ta hau bakin basan ta ce duk wanda ya taɓa ruwan nan ya ɓata shaida, kuma ba za a taɓa sanin abin da ya kwantar da ƴaƴansu ba. Wannan maganar ce ta sa aka ajiye bulo.

Ta ɗebi ruwa a kwalabe, ta kama kifi daga kowane basan, ta ɗauki abincin da sauran hodar, ta ce za a kai labo, ɗakin gwaji, a Damagaram. Mutanen likita su ma sun ɗebi nasu a gidan Alhaji. Kafin sakamako ya fito an hana ni sayar da ko ɗaya. Na yarda, ni ma ina so in sani.

Baban Hanifa, ba zan ɓoye maka ba. Na ce wa mutane kifina lafiyayye ne, amma in na kaɗaita sai zuciyata ta ce, in kuma fa shi ne? In hodar ta lalace da zafi ban sani ba? In Sakina ta mutu ta bar jariri, ina zan sa kaina a garin nan?

Kada ka baro aiki. Zuwanka ba zai gaggauta labo ba. Addu'arka nake so.

Taka,
Najaha

Matameye, 18 ga Afirilu

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin Isufu, na ji, na gode. Kalmar nan da ka ce, ka yarda da ni, ita nake riƙe da ita.

Har yau shiru. Madam ta ce sai an shuka abin da aka ɗiba a ga me zai tsiro, ba ya yiwuwa a yini guda. Yawancin yaran an sallame su, alhamdu lillahi. Sakina kuwa an wuce da ita babbar likita ta Damagaram, wai ƙodarta ta taɓu. Jaririn yana hannun kakarsa ana ba shi madarar gwangwani. Na dafa kunu na aika gidan, aka dawo mini da shi ko buɗe kwanon ba a yi ba.

A fanfo in na iso sai mata su ja bokitansu. Hanifa ta dawo daga lakwal da kuka, an ce mata ƴar mai guba. Na ce ta zauna gida, Inna ta ce a'a, in ta zauna an tabbatar ke nan. Da safe Inna ta ɗaura gyale, ta ɗauki sandarta, ta raka ta har bakin kilas da ƙafar nan tata.

Zafi ya kai inda ya kai. Ruwan basan yana ɗumi tun hantsi, dole in canza safe da yamma, in rufa musu zana. Kifin ba su san abin da ake ciki ba, ci kawai suke. Wani lokaci ina watsa musu abinci ina hawaye.

Yaya Shekara yana zuwa gida kullum. Ya rame, ka san shi da gudun abin kunya. An daina zama da shi a majalisa, wai garkarsu ce. Jiya ya ce wa Inna a gabana gara a kashe ƙwayoyin nan kowa ya huta, a nuna wa gari mun ɗauki mataki. Na ce masa Madam ta hana a taɓa komai. Ya ce Madam ba ita za ta zauna a garin nan da sunan ubansu ba. Ban ji daɗin yadda ya fita ba. Don Allah in ka samu salula ka kira shi, ka kwantar masa da hankali. Kai zai ji.

Taka,
Najaha

Matameye, 21 ga Afirilu

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na fara takardar nan na yage, na sake farawa. Ka yi mini alkawari za ka karanta har ƙarshe kafin ka yi wani abu.

Shekaranjiya da safe na tafi garka kamar kullum. Tun daga bakin darni wani wari ya buge ni, irin na wankin bayi. Na shiga na ga Yaya Shekara tsaye bakin basan na gabas, ga bido biyu, wato jarkoki, na ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ƙasa, babu komai a ciki. Ruwan yana tafarfasa da kifi. Suna hawa kan juna, suna buga kai a siminti, wasu suna tsalle su faɗo ƙasa suna birgima cikin yashi. Ban taɓa sanin kifi yana ƙara ba sai ranar.

Na yar da abincin na ruga na cire toshiyar basan, na tada injin ruwa. Na shiga ciki da zanena ina kwaso su da hannu ina jefawa a baho. Ƙayarsu ta tsattsage mini tafi, jabel yana shiga ciwon, ban ji ba sai daga baya. Yaya yana tsaye kamar an dasa shi. Sai cewa yake, "Ƙwayoyin na so in kashe. A likita da shi suke wanke komai. Wallahi ƙwayoyin kawai na so in kashe." Da ya ga abin ya wuce yadda ya zata, ya tuɓe riga ya shigo yana kwasa tare da ni. Ba mu tsirar da komai ba. Waɗanda muka fitar ma kafin azahar sun juya ciki sama.

Mun haƙa rami bayan garka muka binne su, ni da shi. Basan na yamma bai taɓa su ba, tun da ba su ci hodar ba.

Jiya da hantsi Madam Zuhra ta iso da takardar labo, fuskarta a sake, ta zo yi mini albishir. Kifin lafiya lau, ruwan lafiya, hodar lafiya. Cutar daga ƙanƙarar da aka sa a kunun aya da zoɓo ta fito, an yi ta da ruwan wata rijiya da masai ya tsiyaya a ciki. Mutanen likita sun bi gida-gida, sun tarar akwai waɗanda ko taɓa kifin ba su yi ba suka kwanta, kuma duk wanda ya kwanta ya sha mai sanyi. Tana cikin bayani idonta ya kai kan basan. Ta zauna a bakin simintin ta dafe kai.

Da ya yi haƙurin kwana ɗaya, Baban Hanifa. Kwana ɗaya.

Ban san abin da nake ji ba. An wanke ni, ya kamata in yi murna, amma in na rufe ido sai in ga ruwan nan yana tafarfasa. Tun da sanyi nake renonsu. Inna ta ƙi cin abinci tun da ta ji, ta ce ɗanta ya cuci surukarta ya cuci ƙanensa. Yaya bai fito daga gidansa ba.

Na san zuciyarka. Ina roƙonka don girman Allah, kada ka hau mota da fushi. Inna ba za ta iya ganin ku kuna sa-in-sa ba. Ka bar ni da maganar nan tukuna.

Wani abin godiya, an ce Sakina ta fara shan ruwa da kanta.

Taka,
Najaha

Matameye, 10 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Hanifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, aiki yana tafiya. Na gode da ka ji maganata ka zauna. Na san ba da sauƙi ba, Isufu ya ce har ka ɗaure kaya ka kwance. Inna ta koma cin abinci, tafin hannuna ya warke, Hanifa tana gaishe ka. Sakina ta dawo gida, ta rame amma tana shayar da ɗanta. Na je, muka rungume juna muka yi ta kuka, gwaggon nan tana gefe ta rasa inda za ta sa ido.

An yi shela a rediyo an faɗi sakamakon labo, amma ka san mutane. Wanda ya ji zargi ba lalle ya ji wankewa ba. Wasu ma cewa suke in kifin lafiyayye ne me ya sa mai garkar ya kashe su da hannunsa?

Mai-unguwa ya tara mu a zaurensa, ni da Yaya da Inna da Alhaji Yunus. Ya ce in faɗi abin da nake so a biya ni. Yaya ya ce zai sayar da rabonsa na garkar. Inna ta fara kuka. Na ce ba na son a sayar da ko taki ɗaya na ƙasar mahaifinku. Na ce abu ɗaya nake so. Da bakinsa maganar ta fita, da bakinsa nake so ta koma. Ranar kasuwa ya tsaya tare da ni a kan kifina, ya gaya wa mutane gaskiya. Na ga kunnen Yaya yana motsi. Ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce ya ji.

Tun bayan abin nan na fara ba na yamma hodar, Madam ta kawo sabuwa. Ba su kamo waɗancan ba, lokacin bai kai ba, amma cinsu ya ƙaru. Na zaɓi manyan cikinsu muka kai kasuwa jiya.

Ban yi zaton zai zo ba. Sai ga shi da babbar rigarsa ta Salla. Ya tsaya bayan baho, mutane suna wucewa suna kallonmu, ba mai tsayawa. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Can ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ni ne Shekara. Ni na ce kifin yarinyar nan yana da cuta. Ban san abin da nake faɗa ba. Na kuma kashe mata kifi a banza. Ga shi nan, lafiyayye ne." Ya sa mai suya ta kusa da mu ta soya masa ɗaya, ya ci a tsaye, mai yana zuba a rigar, kasuwa tana kallo. Wasu samari suka yi dariya. Bai kula su ba, ya cinye har kai.

Ba zan ce maka an yi rububi ba. Mutumin nan da ya ɗauki bulo shi ya fara saye, bai dube ni ba, ya miƙa kuɗi ya karɓa ya wuce. Bayan shi aka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Mun sayar da fiye da rabi, sauran muka mayar ruwa.

Da muka koma garka na ɗauka zai wuce gida. Sai ya tsaya yana kallon basan na gabas, ga su a bushe. Ya ce, "Najaha, kifin nan suna zo mini a barci." Zuciyata ba ta gama sauka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na miƙa masa burushi da bokiti. Ya naɗe hannun riga ya shiga ya fara gogewa, na shiga ɗayan. Har magariba muna wanki.

Madam ta ce in an wanke basan ɗin sosai aka bar su suka sha rana, za a iya zuba sababbin ƴaƴa kafin ruwan damina ya sauka. Na ce a jira ka. In ka tashi zuwa, ka fara sauka gidan Yaya ka gaishe shi kafin ka iso wurinmu. Wannan ne roƙona.

Ka gaida duk ƴan gida da ke can. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Najaha